Mai Sunan Inna da Karan Rake

Na ga yara riƙe da waya a garuruwa da yawa kafin in gani a gidana. A tashar mota a Kumasi na ga mai sayar da dafaffen ƙwai ta jingina waya a jikin tire don ɗanta ya yi shiru. A Jidda na ga yaro a keken tura yara, ana zagaya kasuwa da shi, fitilu ko'ina, bai ɗaga kai ba. Nakan wuce ina cewa a raina wannan abin birni ne. Da na ajiye tafiye-tafiye na dawo ƙauyenmu a gefen Gubuchi, inda rake ya rufe fadama, iska na bi ta cikin ganyensa kamar ana zuba gero a ƙwarya, sai na ɗauka na baro abin a baya.

Shekarar da ɗana ya tafi aiki kudu, ya kawo matarsa da 'yarsu su zauna da mu. Yarinyar ba ta isa shiga makaranta ba. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka babu mai kama sunanta a gidan, kowa Inna yake ce mata, babu kuma mai ɗaga mata murya. Ga ta 'yar fari, uwarta na jin kunyar ko kallonta a gabanmu. Ni kuwa jika ce, abin da ke tsakaninmu wasa ne da tsokana. Haka ta zauna a tsakiyar gida mai cike da mutane, ita da wayar uwarta, ba mai ce mata ajiye.

Idanun mahaifiyata ne sak a fuskarta. Wani lokaci da hantsi, idan ta zauna a gindin dalbejiya hasken allon na wasa a kumatunta, sai in ga kamar tsohuwar ce ta dawo tana duba cikin rijiya. Amma tsohuwar takan ɗago in an yi sallama. Wannan ba ta ɗagowa. Nakan gaishe ta, in tsokane ta, in ce Inna ta yi fushi da ɗanta, ko uffan. Maganar da ta zo da ita daga birni sai raguwa take yi. Abin da ke fita daga bakinta waƙoƙi ne cikin wani harshe da ban sani ba, ni da na yi ciniki da Larabci, na yi faɗa da Faransanci, na nemi masauki da Fulatanci. Tsorona shi ne ta daina yi mana magana gaba ɗaya, tana zaune a gabanmu.

Wata rana na durƙusa a bayanta don in ga masu waƙar. 'Yan tsana ne masu manyan idanu. Waƙar ta ƙare, wata ta hau da kanta ba wanda ya taɓa komai, sai wata. Can sai ga 'yan tsanan nan dai, fuskokinsu ba su sauya ba, kiɗan ma mai daɗi, amma ɗaya na bin ɗaya da wuƙa, ja na malala a ƙasa. Yarinyar ko ƙiftawa ba ta yi ba. Hannunta ɗaya ne kawai ya damƙe gefen tabarma.

Da a Kumasi ne da uwa ta fizge wayar an wuce wurin. A nan hannuna ya ƙi tashi. Yaya zan fizge abu daga hannun mai sunan mahaifiyata? Surukata kuwa ba ma haɗa ido, balle in kira ta in yi mata faɗa a kan 'yarta. Sai na faɗa wa matata, ita ta shiga ɗaki wurinta. Da ta fito ta ce surukar tamu kuka ta yi. Ashe ta daɗe tana ganin abin, ta san ma yadda ake gyara wayar, amma ta ce da wace fuska za ta sa uwar Baba kuka a cikin gidan Baba. Tana jiran mu yi magana, mu muna jiran ta.

A ranar surukata ta zauna ta zaɓi waƙoƙi kaɗan da ta duba da idonta, ta sauke su a wayar, ta kashe data. Saura abin da ya fi wuya, wato raba Inna da allon ba tare da an tsawata mata ba. Na yi ta juya abin, sai na tuna uwa ba a yi mata faɗa, amma ɗa yana kai mata kuka.

Da la'asar na yanko rake na zauna kusa da ita. Na ce, "Inna, ɗanki tsoron mutanen nan yake ji. Ba na jin yarensu. Ki zauna kusa da ni ki riƙa gaya mini abin da suke faɗa, in na gama shan raken nan mu sallame su su tafi gida."

Ta dube ni. Sannan ta matso.

Ranar farko kalma biyu ta ce, wai suna wanka. Da na tofar da tukar ƙarshe na ce baƙi sun gaji, ta yi kuka, ni ma na yi kamar ina kuka, har matata ta leƙo ta ce tsoho da uwarsa sun ishe ta. Ba a rana ɗaya aka daina kukan ba. Amma fassarar ta yi ta tsawo. Na san ƙirƙira take yi, domin 'yan tsanan sun fara zuwa kasuwar Makarfi, ɗaya ma akuyarsa ta ɓata a hanyar Kudan. Ban taɓa jin tafinta mai daɗin ƙarya kamarta ba. Wani lokaci nakan rage saurin shan raken don labarin ya kai ƙarshe, haƙorana ma ba sa son gaggawa.

Da aka fara matsar rake na ɗauke ta zuwa inda ake dafa mazarƙwaila. Tururi na tashi daga manyan kasake, ƙamshin ya cika fadama, ƙudan zuma na shawagi a kan ƙananan kwanonin da ake zuba ruwan ya daskare. Nan mahaifiyata takan kawo ni, ta dangwalo mini mai ɗumi a tsinke. Na tsaya cikin tururin har na rasa wane ne ya kawo wani. Wayar na aljihuna, Inna ba ta tambaya ba. Tana ta yi wa masu dahuwa surutu, tana tambayar me ya sa ruwan ya yi ja, wa ya gayyaci zuma.

Har yanzu tana kallo da la'asar, a kan tabarmata, kuma akwai ranakun da ake rigima. Amma jiya ina tsakiyar gyangyaɗi da rake a hannu, sai na ji an kife wayar a cinyata.

Ta ce, "Kai yaro, baƙi sun tafi. Tashi ka shanye rakenka, ina da labari."