Faretin Ɗan Sallau

Sallau na Dumega ya yi shekara bakwai a sojan Faransi, ya dawo da kunne ɗaya da murya irin ta jaki. Da ɗansa Illo ya fara rarrafe, sai ya sa shi fareti. Kullum da hantsi yana gaban rumbu yana daka tsawa, yana ƙirga ɗaya-biyu da Faransanci: "An, de! An, de!" Yaro kuwa sai cin ƙasa yake.

Ran nan Illo ya dafa turmi ya miƙe, ya yi taku huɗu. Kakarsa ta rangaɗa guɗa. Nan Sallau ya tuna, shi kansa kyan tafiyarsa aka gani aka ɗauke shi soja. Ya ruga ya zaunar da yaron.

"Inna, yi shiru! Kada Kumandan mai ɗaukar soja ya ji. In an tambaya, gurgu ne."