Aguwa da ƙariya a ƙunshi ɗaya

Shekarun baya, ana cikin ɗokin samun mulkin kai, ina ƙaramin komi, wato akawu, a wani biro, ofishi ke nan, a Dogon Dutsi, matata ta haifi 'yarmu ta fari. Haihuwa lafiya, sai dai nono ya ƙi zuwa. Jaririya tana ta tsala kuka, uwar tana taya ta, ni kuma ina zagaya tsakar gida ba abin da nake tsinanawa.

Mahaifiyata tana Geceme. Da labari ya kai mata, sai ta ba abokina, wani ɗan kasuwa, saƙo ya kawo. Ya kwance tsumma, sai ga ƙullin itace iri biyu, duk ba ganye, duk ruwan toka, ɗaya ya ɗan fi ɗaya kauri.

"Inna ta ce guda aguwa ce, a dahwa a dama kunu da ruwan, nono shi zo," in ji shi. "Gudan kau ƙariya ce, a dasa, kar wanda ya kai ta baki. Dahi ce."

Na ce, "To wacce ce wacce?"

Ya sosa ƙeya. Wallahi ta nuna masa, har ta maimaita, amma rana da ƙishirwar hanya sun kwashe.

Kaina ya ɗaure. Na san aguwa a shingen gona, na san ƙariya da jan furenta, amma da ganye da fure na san su. Matata kuwa 'yar bakin kogi ce, ba ta taɓa kula da ko ɗaya ba. Na fita da su waje. Mai gadin biro ya ce mai kaurin ce aguwa. Maƙwabciyarmu ta ce atafau siririyar ce, can kuma ta shinshina ta canza baki. Wani dattijo ya ce in zubar da su duka, irin waɗannan itatuwa ba a rasa iska a jikinsu. Na dawo gida na fi lokacin da na fita ruɗewa.

Na ce wa matata kada ta taɓa komai, na hau kamyo, babbar motar kaya, sai Geceme. Mahaifiyata na ganina ta ajiye taɓarya. Ina gama bayani ta ce, "Kai, ina itacen yanzun ga?"

"Suna gida, Inna."

"Ka bar su wurin macen da ɗiyatta ka kukan yunwa?"

Sai a lokacin na gane wautata. Na yi doguwar tafiya don a bambance min itace, na kuma baro itacen. Ba ta zage ni ba, ta ɗauki mayafi kawai. Sai washegari muka samu mota. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ran nan.

Muka shiga gida, tsit. Ga tukunya a murhu, ga ƙwarya da guntun kunu. Na leƙa ɗaki, sai ga matata zaune, yarinya na tsotso.

Mahaifiyata ta ce, "Ɗiyata, wanne kinka dahwa?"

"Siririn, Inna. Na karya shi, farin ruwa ya fito kamar nono, na ce shi ne."

Tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa, ta daɗe tana salati. Daidai ne, aguwar ta dafa.

Da hankali ya kwanta, mahaifiyata ta sa na nuna mata inda aka binne mabiyiya. A gidansu, in ji ta, ƙariya ake dasawa a wurin, don dabba ba ta kusantarta, kuma fari ba ya kashe ta. Ta bar reshen a inuwa har bakin yankan ya bushe, ta cusa a rairayi, ta hana ni ba shi ruwa sai jefi-jefi, wai yawan ruwa ke ruɓar da shi. Ya kama. Da bazara, komai ya ƙone, shi kuwa ya yi fure jajir.

Har matata ta rasu muna gardamar nan. Ita ta ce ta sani, ni na ce cinta ta yi. Na taɓa matsa mata, na ce to da ɗayan ne fa? Ta ce ta yi wannan tunanin tun kunun yana ƙwarya, amma yarinyar ta daina kuka don ƙarfinta ya ƙare, shi ya sa ta kafa kai ta sha.