Jinin Habu da Tofin Kawu

Kano zuwa Gaya

Ana sallame Asuba na kama hanyar tasha, rungume da na'urar gwajin jini ta wurin aikinmu. Kawu Ɗanladi ne ya kira ni in zo garin Ajingi: ɗaurin auren ɗansa Habu ya matso, iyayen yarinya kuma sun ce sai an yi gwajin sikila. Faifan gilashi biyu kacal aka ba ni, na ango da na amarya.

Bayan Wudil ɗan sanda ya tare motarmu, ya nuna akwatin na'urar da ke cinyata.

"Malam, mene ne a akwatin?"

"Yallaɓai, na'ura ce. A ɗiga jini a kan gilashi, lantarki ya ja ɗigon a hankali har inda maganin gwaji yake, hannu bai taɓa shi ba."

"Jini ya yi tafiya da ƙafarsa? Direba, ja motarka!"

A Gaya na karya da koko da ƙosai, na hau acaɓa. Ɗan acaɓan nan, Allah Ya shirye shi, duk ramin da ya gani sai ya gaisa da shi.

Ajingi

Da hantsi na isa. Na fara gwada amarya a gidansu: lafiyarta ƙalau, amma tana ɗauke da ƙwayar sikila. In Habu ma haka ne, aure ya watse ke nan.

A zauren Kawu na ɗiga jinin Habu, yana ta gumi. Ɗigon ya motsa, ya miƙe, ya sha kwana.

"Innalillahi!" in ji Kawu. "Wa ke jan jinin ɗana?"

Kafin in buɗe baki ya karanto Ƙulhuwallahu, ya sunkuya, tuf, tuf, tuf! Yawu ya haɗu da jini, na'ura ta tsaya cak.

"Haba Kawu! Faifan ƙarshe ne fa!"

"To zuba ido zan yi, ɗan nan?"

Wallahi kamar in fashe da kuka.

Komawa Kano

Bayan Azahar na tasa Habu a gaba muka shiga bas. A hanya, dafaffiyar gyaɗar da na miƙa masa ma bai karɓa ba. Kafin Magariba na sake gwada shi a wurin aiki: ba ya ɗauke da komai. Ya rungume ni yana hawaye.

Sai da na shiga gida, na gode wa Allah da Ya dawo da ni ƙashina a haɗe, sannan na buga wa Kawu waya na faɗa masa sakamakon.

"Alhamdu lillahi!" ya ce. "Yanzu ka ga aikin tofi ko?"

Na ce, "Na gani, Kawu."