Haƙorin Gadu a Jikin Shika-shikan Rumfa

Ina da 'yar fari a hannu a shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta gefen Lafiya. Ƙyanda ta kama ta tun tana rarrafe. Ta warke, amma ta bar ta a zaune. Damina biyu suka wuce, sa'o'inta na guje-guje a tsakar gida, ita kuwa inda na ajiye ta nan zan dawo in same ta.

Akwai wata tsohuwa mutuniyar Agyaragu da ke kawo mana doya duk ranar kasuwa. Ba Musulma ba ce, Hausarta ma ta kasuwa ce. A wuyanta akwai igiyar fata da aka jera wa haƙora, wasu fari tas, wasu sun yi ja don tsufa. Na daɗe ina satar kallonsu. Ran nan da ta sauke kaya tana shan ruwa, na tambaye ta.

Ta kama su ɗaya bayan ɗaya. Na kada, in ji ta, daga dangin uwarta ya zo, mutanen bakin kogi, kuma mai haƙurin jira ake ba shi. Na damisa na wanta ne da ya rasu, ajiya kawai take yi, don mace ba ta da hurumin taƙama da shi. Sai ta zo kan wani lanƙwasasshe mai tsawon yatsa.

"Wannan gadu ne. Ubana ya kashe. Gadu yana durƙusa ya ci abinci, amma yana tashi. Yarinyarki ma zai tashi."

Ta kwance shi ta sa mini a tafin hannu.

Uwar mijina tana bakin murhu, ta ji komai. Tsohuwar na fita, sai uwar mijin nawa ta ce, "Gadu ai aladen daji ne. Ba za a haɗa shi da layar jikata a wuya ɗaya ba."

Na ce, "Inna, kyauta ce. In na mayar, ta ji kunya."

"To, ki nema masa wuri. Ban da jikin yarinya."

Na zura masa zare na rataye shi a jikin shika-shikan rumfar da nake tankaɗe, daidai ƙuguna. Ban yi haka da wata dabara ba, nan ne kawai na ga ƙusa.

Iska na kaɗa shi yana bugun itacen, ƙwas, ƙwas. Yarinyar ta fara bin sa da ido. Bayan kwana kaɗan ta ja gindi har gindin itacen, ta miƙa hannu, bai kai ba, ta yi kuka. Na so in ciro mata, Inna ta riƙe mini zane. "Ƙyale ta," ta ce a hankali.

Sati uku tana wannan fama. Wata rana da hantsi ina tsintar gero, na ji Inna ta yi salati. Na ɗago, ga yarinya a tsaye, ƙafafu na rawa, hannu ɗaya a jikin itace, ɗayan ya damƙe haƙorin. Kafin girbin dawa tana takawa har zaure.

Inna ta ce ikon Allah ne, ni ma haka na ce. Amma ranar kasuwa ta gaba ita da kanta ta shimfiɗa wa tsohuwar tabarma, ta dama mata fura da nono mai yawa. Suna zaune sai na ga Inna ta nuna wani ɗan ƙaramin haƙori a ƙarshen igiyar tana tambaya, "Wannan fa, na wane ne?"

Tsohuwar ta yi dariya har da tafa cinya. "Nawa ne. Bara ya faɗi."

Ranar ba ta kai ragowar doyarta kasuwa ba sai bayan azahar.