Rigar Namadi

Daga Lafagu har bakin iyakar Benin, in doki ya ƙi hawa mota, Namadi ake aika wa. Ban da wannan ba shi da wata sana'a sai ɗan noman gero da ba ya kai shi bazara. Siririn mutum ne mai ƙaramar murya, ko a taron suna ba a neman ta bakinsa. Amma a gaban doki sai ya zama wani mutum daban. Masu dawaki su yi ta bulala, su yi ta ja da igiya, dabba ta kafe. Shi kuwa sai ya tuɓe tsohuwar rigarsa mai warin zufa da hayaƙi, ya rufe wa dokin ido da ita, ya kafa baki a kunnensa yana 'yan maganganu. Sai ka ga doki ya bi shi salin-alin har cikin mota. Wasu na cewa asiri ne. Babu wani asiri, dawaki dai sun yarda da shi, shi kuma yabo ya yi masa daɗi har kansa ya fara kumbura.

Nasa dokin guda ne, Kili, fari tas. Uwar ta mutu ta bar shi yana jariri, Namadi ya raine shi da nonon saniya a ƙwarya. Kili kan bi shi har rafi babu linzami.

Wata kaka, Manu, wani Bafulatani da ke tsallaken iyaka, ya aiko yana son Kili ya hau goɗiyarsa. Namadi ya bi gari yana faɗa wa duk wanda ya tsaya cewa har ƙasar waje an san dokinsa. Aka kira Haliru direba da motarsa ta ɗaukar dabbobi. Ƙasan motar katako ne, kuma yadda aka saba, ana zuba yashi da ƙaiƙayi a kai don kada kofato ya zame. Haliru dai zubawa ya iya, bai taɓa kwashewa ba. Fitsarin shanu da na dawaki ya daɗe yana tsumuwa a ƙarƙashi yana cin katakon, sama kuwa sumul kamar an share tsakar gida.

Aka ja motar da baya aka jingina ta da tudu. Kili ya ɗora ƙafar gaba, ya tsaya, ya janye. Ya sunkuya ya shinshina yashin, ya yi firji, ya ja da baya. Ranar kasuwa ce, mutane sun riga sun taru.

"Baba Namadi," in ji Haliru yana washe baki, "yau kau dokin gida ya ƙi ka? Ashe na mutane ɗai ka jin maganakka."

Aka kwashe da dariya. Namadi ya fi kowa a wurin sanin cewa doki ba ya shinshina ƙasa haka kawai. Da ya sa ƙafa ya share yashin nan, da ya gani da idonsa. Amma dariyar ta riga ta hau masa kai. Ya tuɓe rigar. Tun da Kili ya zo duniya bai taɓa rufe masa ido ba sai ranar.

"Taho, ɗana," ya raɗa masa. "Ni na. Ba abin da za shi same ka."

Jikin Kili na rawa, amma ya bi muryar ya hau.

Kullum a bayan mota Namadi ke zama tare da doki. Ranar Haliru ya buɗe masa gidan gaba. "Shigo nan, Baba, yau kai ab babba." Ya shiga yana murmushi, aka ƙure rediyo. Hanyar iyaka duk ramuka ce. Sun ji bugu daga baya, Namadi ya waiga, Haliru ya ce haka duk dawaki ke yi. Sai da wani mai babur ya cim musu yana ihu yana dukan ƙofa sannan suka tsaya.

Katakon ya burma. Ƙafar Kili ta baya ta zurma har cinya, hanya ta cinye kofaton har ƙashi. Layin jini ya miƙe a bayansu iyakar ganin ido.

Haliru ya leƙa ramin ya yi tsaki. "Dokin ga nauyi gare shi. Dubi yadda yaɓ ɓata min mota."

Mutanen ƙauyen bakin hanya suka taru aka ciro dokin, aka kira mahauci tun bai zama mushe ba. Amma Kili ya ƙi kwanciya. Yana shure-shure da ƙafafun da suka rage, yana kai cizo, ƙarti sun rasa ta inda za su kama shi.

"Baba, kawo rigar nan mana," in ji Haliru. "Kai ɗai shika ji."

Namadi ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya durƙusa, ya tuɓe rigar, ya rufe masa ido. Kili ya ja numfashi, ya ji warin da ya sani tun yana shan nono a ƙwarya, ya daina shure-shure. Ya ɗora kansa a cinyar Namadi, wuya a miƙe.

"Ni na," in ji Namadi. Sauran maganar ta ƙi fita.

Mahaucin bai sha wata wahala ba.