Ranƙwashin da na sha a bakin ramin kuza

Shekarun baya, kasuwar Taminus ba ta daɗe da ƙonewa ba, aka tsoma ni cikin wata magana da ba ruwana da ita. Ni fa ina zaman zamana, ina sayar da kaset a bakin titi ina tsokanar 'yan acaɓa, sai mahaifiyar abokina ta aiko in zo gidansu a Jos Jarawa. Duk samarin layin ba ta ga na aike ba sai ni, da ko aji uku na sakandare ban ƙarasa ba.

Abokin nan nawa ɗan tagwaye ne, shi ne Husainin. Hassan ɗin ya rasu a daminar da ta wuce, a wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika a bayan gari. Wanka suka je, abokina ya zame ya faɗa wurin zurfi, Hassan ya bi shi ya turo shi gaɓa, shi kuma ba a ciro shi ba sai washegari.

Ta ce, "Ɗan nan, kullum in an fito sallar asuba sai ya nufi ramin nan. Shekaranjiya ya dawo wandonsa jiƙe zuwa idon sawu. Jiya zuwa gwiwa. Ka bi min shi. Ɗaya ya rage min."

Na ce, "Mama, ni fa ko a baho ban iya ruwa ba."

Ta haɗa ni da Allah. Ba yadda na iya.

Da gari ya waye na tare shi wurin mai ƙosai. Ƙulli biyu ya saya. Kun san dokar tagwaye, abin da aka ba ɗaya sai an ba ɗayan, to shi mutuwa ba ta sa ya daina ba. Na ce, "Oga, yau da ni za a je hira da kifaye." Bai yi dariya ba. Cewa ya yi wani malami ya ba shi shawara ya riƙa samun wuri shiru ya zauna, ya yi wa mamacin addu'a, ya ja carbi har zuciyarsa ta kwanta. Zuwa bakin ramin kuma, wannan ƙarin nasa ne.

Ya ce, "In na rufe ido na bi numfashina, sai in ji Hassan kusa da ni. Kai dai ka ja bakinka ka yi shiru, in za ka iya."

Wurin tsit, ko kukan tsuntsu babu. Hazon damina ya kwanta a kan ruwan, ruwan kuma kore shar, ba ya ko motsi. Ya hau wani faffaɗan dutse ya zauna, ya ajiye ƙulli ɗaya a damansa, ya rufe ido. Ni kuma sanyi na cina, cikina na kuka. Na lallaɓa na zauna a daman nan, wurin Hassan kenan, na kwance ƙosan na cinye tas. Na ce a raina, mamaci da ƙosai ina suka haɗu? Sannan na rufe ido don kada a ce ban gwada ba.

Da farko lissafin kaset nake yi. Can sai na fara jin numfashina, ga na abokina a hagu. Jim kaɗan na ji na uku. A bayana yake, daidai ƙeyata, a hankali, har da ɗan shessheƙar hancin nan da Hassan ke yi in mura ta kama shi. Na so in juya, wuyana ya ƙi. Kamar an zuba min siminti.

Ƙwas! Ranƙwashi a tsakar kaina, da yatsan tsakiya, irin wanda Hassan ke ba ni tun muna firamare in surutuna ya ishe shi. Abin da na fara faɗa, don Allah kada ku yi dariya, shi ne, "Yi haƙuri, zan saya maka wani!"

Na buɗe ido. Ba kowa a bayana. Hagu ma ba kowa, sai carbi a kan dutse. Abokina na cikin ruwa zuwa ƙirji, idonsa a rufe, yana takawa a hankali kamar mai bin liman.

Har yau ban san yadda na shiga ba. Na dai san na damƙi wuyan rigarsa, na sha ruwan kuza ya fi kofi uku, muka zube a gaɓa muna tari.

Yanzu abokina na da 'ya'ya, kuma bai daina zaman shirun ba, sai dai a masallacin layinmu yake yi, bayansa jingine da bango. Ni ma nakan zauna gefensa wani lokaci, a hagunsa, ba wurin Hassan ba. Ban taɓa cewa na san abin da ya taɓa ni ran nan ba, Allah ne masani. Amma ƙullutun ranƙwashin ya kwana uku a kaina, mahaifiyata da hannunta ta shafa min man zafi.

Ran nan a bakin gaɓar kuwa, faɗa abokina ya kama ni da shi, yana kuka yana dukan ƙirjina.

"Wa ya aike ka? Kirana yake! Na ji muryarsa a cikin ruwan, cewa yake in zo!"

Na kamo hannunsa na ɗora a kan ƙullutun.

"Taɓa nan. Ka san hannun wane ne wannan? Mutumin da ya ba da ransa ya turo ka waje, shi zai ce ka dawo? Hassan na nan sama yana fasa min kai. To wane ne a ƙasan yake kiranka?"

Ya juya ya dubi ruwan. Daga ranar ƙafarsa ba ta sake taka wurin ba.