Tagar Malama Kwali

Gwaggona ba ta iya wuce kwali a hanya. Na sabulu ne, na takalmi ne, sai ta duƙa ta ɗauka ta cusa a jaka, mu kuwa kunya kamar mu nutse. Shi ya sa yaran da take koyarwa a firamare suke kiran ta Malama Kwali, kuma ko a jikinta.

A gida ita ce sarauniyar mantuwa. Tabarau na kan goshinta za ta tashe mu nemansa. Amma kwalayen nan ba ta taɓa mantawa da su ba. Takan yanka su daidai faɗin shafi, ta huda 'yar taga a tsakiya. Yaron da aiki ya rikita, sai ta kifa masa kwali a kan takardar, tambaya ɗaya kawai ke leƙowa.

"Wannan ce taka," in ji ta. "Sauran ba su iso ba tukuna."

Akwai wata yarinya a ajin, autar wani direba. Kai gare ta, amma da ta ga shafi cike sai ta daskare, ta yi ta tauna fensir har a tashi. Babanta ya ce in aka sake maimaita mata aji, ta zauna gida.

Da kwali Auta ta fara gama aiki. Sai jarrabawa ta zo, shugaban makaranta ya ce ba a shiga da komai sai fensir. Gwaggo ta yi roƙon duniya, ya ce doka ce.

Ranar Gwaggo ta kasa zama, ta laɓe a bakin ƙofa tana leƙe. Auta ta kalli takarda, fensir ya nufi baki. Can sai ta ɗora tafin hannu ta rufe shafin, ta bar tambaya ɗaya, ta sunkuya. Ta gama, ta zame hannun ƙasa kaɗan.

Auta ta haye, har babanta ya kawo mana kwalaye cike da mota. Amma ni ranar jarrabawar nake tunawa, da Gwaggo ta dawo ido jajir, ta mance jakarta a makaranta. Na ce, "Gwaggo, ta ci ne?"

"Ba a duba ba tukuna, 'yata. Amma ta kai ƙarshen shafi." Ta share ido da gefen mayafi. "Ni a shekarunta ban taɓa kaiwa ba."